Madarumfa: tsawon karfasa da idon koma

Kilometir wajen 25 kudu da Maradi, tabkin Madarumfa yana kwance tsakanin kaburburan waliyyansa 99. Da hantsi, in masunta suka fito da kwalekwale, akan ji gardama a bakin ruwa: ɗan kasuwa ya ɗaga karfasa mai tsawon tafin hannu ya ce jaririya ce, masunci ya rantse uwa ce.

Masana kifi ba su yanke wannan shari'a da ido. Sukan ɗibi kifi wata bayan wata, su auna tsawon kowane, su tsaga ciki su duba ko ƙwai ya nuna. Tsawon da rabin kifayen suka balaga, shi ne ma'aunin da ake ɗaure idon koma a kansa.

Sai dai ma'aunin ba ɗaya ba ne ko'ina. A babban tabki kamar Turkana na ƙasar Kenya, karfasa takan wuce santimetir 30 kafin ta fara ƙwai. A ƙaramin ruwa mai cunkoso, tana iya haihuwa ba ta kai 15 ba. Madarumfa kuwa tabki ne da ke janyewa kowane rani, kuma madatsar Jibiya ta Najeriya ta rage ruwan da gulbin Maradi yake kawo mashi. Doka da aka aro daga awon wani ruwa za ta cuci masunci ko ta cuci kifi. Aikin yana bukatar ma'aikaci, da allon awo, da wuƙa, shekara guda cur a gaɓar nan.