Kwalba Takwas da Ƙusa

Kwanan baya 'yata ta miƙo mini waya, ta ce, "Baba, dubi wannan." Wasu 'yan makaranta ne a Amurka, sun jeru bayan dogon tebur, da safar hannu, kowa riƙe da ƙararrawa biyu. Kowane yaro yana jiran muryarsa ta zo, ya kaɗa sau ɗaya, ya danna bakin ƙararrawar a kafaɗa ta yi shiru. Na yi ta dariya har ta tsargu. Ai na yi wannan aikin a Sabon Tasha, da kwalbar lemo.

Lokacin unguwar tana cika. Matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980, mutane na ta kwararowa ta hanyar Kachia, daga Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kafanchan. A ajinmu Bajju da Atyap da Ham duk Hausa ce ke haɗa mu. Ƙararrawa ɗaya gare mu a makaranta, wilin mota da aka rataye a bishiyar mangwaro, kuma aikinta kira da kora ne kawai. Ganga da begila kuwa na 'yan Boys' Brigade ne, manyan yara masu fareti ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba. Mu ƙanana sai kallo.

Sai aka kawo mana wani malami daga Kafanchan, ɗan kwaya ne a coci, ya iya do-re-mi kamar sunansa. Ya sa muka tsinto kwalabe takwas. Ya zauna da buta yana zuba ruwa, yana ƙwanƙwasawa da ƙusa, yana kasa kunne, ya rage nan ya ƙara can, har kowace ta sami muryarta. Ya ɗaura zare daidai bakin ruwan, domin da hunturu kafin mako ya zagayo ruwan ya ja baya, waƙa ta karkace. Yara takwas, kwalba ɗaya ɗaya. Ni aka ba "fa".

Na raina ta. Mai "do" da mai "so" hannunsu ba ya hutawa, ni kuwa a wata waƙar Kirsimeti daga Littafin Waƙoƙi ban fi bugu biyar ba. Sauran lokacin ƙirge nake yi a zuci, ƙusa a sama, gumi a tafin hannu.

Daga baya ne na karanta cewa asalin ƙararrawar hannu irin ta yaran Amurkan nan na masu kaɗa ƙararrawar hasumiyar coci ne a Ingila, waɗanda suka nemi ƙanana don su riƙa gwaji ba su dami gari ba. Wata mata 'yar Boston, Margaret Shurcliff, ta komo da saitinsu daga Ingila a 1902, a 1954 aka kafa ƙungiyar masu kaɗa su ta Amurka, daga coci kuma suka bazu makarantu. Ban yi mamaki ba. Yaron da bai iya komai ba ma zai iya murya ɗaya. Sai dai ƙararrawar tagulla ce da ake gyara wa murya a masana'anta, kuɗinta ba na makarantarmu ba ne.

Saura kwana uku a yi taron iyaye inda za mu buga waƙar, zazzaɓi ya kwantar da ni. Washegari da yamma sai ga Malam a ƙofar gidanmu da kekensa. Ya gaisa da mahaifiyata, ya ce, "Mama, yaya jikin yaron? Tun jiya waƙarmu giɓi gare ta." Ta ce, "Malam, kwalba ce fa, a ba wani mana." Ya ce an gwada, wanda aka ba ɗin sauri yake yi.

Ranar taron na je da ɗaci a baki, rigar sanyin yayata a jikina. Na buga biyar ɗina, ɗaya ta makara kaɗan. Malam ya ɗago ido ya dube ni, hannunsa bai daina ba da lokaci ba.