Yaƙin Katsina biyu da dajin da ya bar mana

In ana zancen yaƙin basasa hankalinmu yakan tafi Biyafara ko Laberiya, kamar abin bai taɓa sauka a ƙofar gidanmu ba. Alhali ƙasar nan da muke nomawa, daga Gazawa da Agye har Gidan Rumji, ta yi kusan shekara ɗari tana fagen fama tsakanin mutane masu harshe ɗaya.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tashi a 1804. A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu tuta, a 1808 Alƙalawa ta Gobir ta bi baya. Sarakunan da aka kora ba su sallama ba. Ɗan Kasawa ya fake a Damagaram, daga bisani ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819. Tun ranar Katsina ta zama biyu, kowane gefe da nasa Sarkin Katsina.

Babban karo shi ne na Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duka suka kwanta a fagen. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tibiri ƙarƙashin Mayaƙi, kusa da Maraɗi, domin garuruwan biyu su riƙa kare juna.

Bayan wannan kaye yaƙin ya sake kama. Aka rage fitowa daga, aka koma hari. Da kaka ta wuce, Ƙaura ya ja mahaya da ƴan baka, a faɗa wa ƙauye da asuba, a ƙone rumbuna, a kora shanu da mutane, a juyo kafin gudunmawa ta iso. Ɗaya gefen kuma ya dage ga ginin ganuwa da ribaɗi. Zamanin Ɗan Baskore, wanda ya rasu a 1875, hare-haren Maraɗi sun kai matuƙa, amma birnin Katsina bai komo hannunsu ba, su ma ba a iya tumɓuke su daga gulbi ba.

To wa ya ci yaƙin? A ganina daji ne ya ci. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya biyo daga Tasawa ya sauka Gazawa. Ya tarar da garin kewaye da kafi da gwalalo, kudu da shi kuwa sai daji mai ban tsoro da kufan Ɗankama, kafin a kai Katsina. Ƙasar da ta ciyar da jama'a ta koma gidan namun daji da maharan hanya. Kakata takan ce a zamanin iyayenta mace ba ta zuwa itace sai da namiji mai kwari da baka. Yawancin ƙauyukanmu masu sunan Gidan wane ko Garin wane, sai da hari ya ƙare aka fito aka sare su.

Da Nasara suka zo, Faransa da Ingila suka daidaita a 1904 da 1906, ayarin Tilho ya bi yana kafa alamun iyaka. Mun saba cewa su suka raba mu, kuma akwai gaskiya ciki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Layin da ke tsakanin duwan ta Ɗan Isa da Jibiya ya ratsa dajin da yaƙinmu ya share ne.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne, tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumar Gidan Rumji. Maharan yanzu ba gadon sarauta suke nema ba, kuɗin fansa suke so. Amma dabarar ita ce ta dā: faɗa wa ƙauye da dare, kora dabbobi, kama mutane, komawa daji irin su Rugu da Babban Rafi. Babur ne kawai ya gaji doki. Rufe iyaka da aka yi a 2019 da 2023 bai tare mai bindiga ba, ɗan kasuwa da mai saye ya matsa wa.

Abin da ya binne tsohon yaƙin shi ne gona da rijiya da kasuwa da suka cike sararin da ke tsakani. Saboda haka duk ƙauyen bakin iyaka da ya tashi yau, fili ne aka mayar wa mahara. Ga ma'aikatan gwamnati, roƙona shi ne kada a ɗauki waɗannan garuruwa wurin tura wanda ake so a hora. A kai musu hanya da likita da lakwal da jandarma. Ga alhazan kasuwa kuwa, kada ku bari kasuwannin ƙauye su mutu. Sarakunan Katsina da Maraɗi da Tibiri su ma su riƙa zama tare, tun da talakawansu sun riga sun haɗa jini da fatauci. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.