Turaren Inna da na'urar da na sayo



Bara da hunturu na dawo daga Yamai da tsaraba: wata na'ura mai batir da ake maƙalawa a bango, tana fesa ƙamshi da kanta lokaci-lokaci. Na kafa ta a ɗakin Inna ina jin na yi abin kirki. Kwana uku, tari ya sarƙe ta, hanci ya toshe, ta kwana zaune. Likita ya ce mai asma ba ta son feshin nan, ga kuma ƙurar hazo. Ya ƙara da cewa hayaƙin kasko ma a rage, musamman in ɗaki a rufe yake.

Inna ta ce: “Kai yaro, ƙamshin da ba na iya kashewa ba nawa ba ne.” Wallahi na ji kunya.

Sai ƙanwata ta samo mata ɗan filastan nan da ake liƙawa bisa hanci ya buɗe kafofinsa. Wani Ba'amurke, Bruce Johnson, ya ƙirƙiro shi don nasa hancin yana toshewa da dare, ya yi masa rajista, ya ci riba. Mu ma Nijar muna cikin OAPI mai mazauni a Yawunde, inda rajistar ƙirƙira ke kare mai ita shekara 20. Masu haɗa humra da turaren wuta na Arewa sun san da haka?

Na'urar dai na cire. Inna tana turara kayanta a tsakar gida, tana barci lafiya. Kafin ku sayo wa tsofaffi, ku tambaye su. Allah ya ba mu lafiya.