Bashin jika sittin da makullin ɗakin littattafai

Ƴan uwana mata, na cikin garin Gaya da na ƙauyukan kewaye. Shugabar ƙungiyarmu ce ta matsa mini in rubuta wannan. Ta ce tun ranar da na ɗauki bashin jika sittin a asusu ake jan ta gefe ana tambaya: wai malama da albashinta, ba talla take ba, ba kiwo ba, me za ta yi da wannan kuɗi? Wasu sun ce kayan ɗakin ɗiyata zan fara tarawa. Wata ta rantse firiza zan sayo daga Kamba in riƙa sayar da ƙanƙara. To bari kowa ta ji daga bakina. Jarrabawa na biya wa kuɗin. Kuma na faɗi.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Da na samu brebe, na tafi makarantar horon malamai ta Mali Bero a Doso, na fito aka ɗauke ni kwantiragi kamar yawancin malaman firamare na ƙasar nan. Waɗanda mazajensu ko ƴaƴansu ke wannan aiki sun san abin da ake nufi: albashi kaɗan, wani watan sai ya yi nisa kafin ya zo. A 2017 da aka yi wa malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa, wadda ta raba mutane da yawa da aikinsu, Allah ya sa na tsallake. Na ɗauka daga nan sai ritaya. Ashe ba jarrabawa ce za ta fitar da ni daga aji ba, alli ne.

Muryata ta fara dishewa duk ranar Alhamis, daga baya ta koma tun Talata. Tari ya biyo baya, irin wanda ke hana maƙwabta barci. Likita ya ce ƙurar alli ce da yawan ɗaga murya, in ban bari ba wata rana sai dai in yi magana da hannu. Ajina kuwa yara sun haura saba'in. Wa ya taɓa koyar da yara saba'in da raɗa?

Shugaban makarantarmu mutumin kirki ne. Maimakon ya rubuta takarda a kaina, sai ya ciro wani makulli mai tsatsa ya ce: "Madam, ga ɗakin can na baya. Akwai littattafai ciki. Ki ga abin da kika iya yi da su." Da na buɗe, karyayyun benci ne har rufi, bayansu kwalaye tara da aka kawo kyauta shekarun baya, wasu ko igiyarsu ba a kwance ba. Uku na ƙasa gara ta gama da su, ina ɗagawa sai ƙasa ta zubo. Kun san garinmu, duk Nijar ba inda ya kai mu ruwan sama, kuma danshi da takarda ba sa zama ɗaki ɗaya. Na zauna bisa wani benci na yi kuka, ba don littattafan ba, don na ga kamar an kawo ni ne a aje tare da kayan da suka lalace.

Abin da ya tsira ya fi ɗari huɗu. Akwai tsofaffin Mamadou et Bineta, irin waɗanda iyayenmu suka yi karatu da su. Akwai L'Enfant noir na Camara Laye, da Sarraounia na Abdoulaye Mamani, da ƙananan littattafan Hausa da Zabarmanci na maɗaba'ar Albasa, da ƙamus biyu. Akwai kuma wani mai hotuna masu kyau da ke koya wa yaro yadda ake zamiya bisa dusar ƙanƙara. Wanda ya aiko shi Gaya, Allah ya saka masa da niyyarsa.

Watan farko na yi ɓarna. Duk yaron da ya ce yana so sai in miƙa masa, ina murna. Da na ƙirga a ƙarshen wata, ashirin da uku ba su dawo ba, kuma ban san hannun wa suke ba. Ɗaya na gan shi da idona wurin mai ƙosai, shafi-shafi. Ban yi mata magana ba, na sayi ƙosan dala ashirin, aka ƙunsa mini a shafi na 41.

Ranar zaman asusu na wannan makon ina zaune bisa tabarma, hankalina ba ya wurin, sai idona ya faɗa kan kayen sakatariyarmu. Suna, abin da aka ɗauka, ranar da aka ɗauka, ranar biya, sa hannu. Ga akwati da kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Ga tarar makara. Na ce a raina, yau shekara nawa nake kallon wannan abu duk mako? Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda yanzu ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ba komai ya riƙe shi ba sai wannan: a san abin da ya fita, a san ranar da zai dawo, kuma a yi shi gaban shaidu. Washegari na sayi kaye mai shafi ɗari biyu na ja layuka irin na sakatariya. Na zaɓi yara biyu ƴan aji shida, mace da namiji, su ne shaidu, su ke rubutawa ina kallo. Tara kuwa ba ta kuɗi ba ce, don yaro ba shi da su, uwarsa za a je a matsa wa. Wanda ya makara zai karanta wa ƴan aji ɗaya shafi biyu da babbar murya. Sai da na soke wannan tarar daga baya, don wasu sun fara makara da gangan.

Amma asusu bai koya mini komai da komai ba, kada in yi muku ƙarya. Bai koya mini yadda ake jera littafi yadda za a same shi ba. Wannan a wani horo na kwana uku na koya, wanda wata ƙungiya ta shirya lokacin hutu. A nan na fara jin sunan Dewey, wani Ba'amurke da ya kasa ilimi gida goma tun 1876, daga 000 zuwa 900: addini a 200, harsuna a 400, kimiyya a 500, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Yaran aji biyu ba ruwansu da lamba, don haka na roƙi telan unguwarmu ragowar ƙyalle, na manna wa kowane gida launinsa a ƙashin bayan littafi. Kore na dabbobi da tsirrai, ja na labarai. Na koyi ɗinke littafin da ya ɓalle da zare da basilla, na ɗaga katakai bisa bulo, na janye su daga bango, ina sa busasshen ganyen dogon yaro tsakanin layuka. Damina biyu ke nan gara ba ta ci mini ko shafi ɗaya ba.

To ina jarrabawa ta shigo? A takarda ni har yau malamar aji ce. Alherin mutum ɗaya ne ya sa ni a wannan ɗaki, kuma shugaban makaranta ba bishiyar kuka ba ne, ana canza masa wuri. Ranar da wani ya zo ya ga aji babu malami, ga malama zaune cikin littattafai, me kuke jin zai yi? Kuma ba zan ga laifinsa ba. Na ɗauki takardar horon kwana ukun nan na kai wa wani babba da ya san harkar. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce: "Madam, wagga shaidar kin zamna kin saurara ce. Ba difloma ba ce." Gaskiya ya faɗa, sai dai ta yi ɗaci.

Daga nan na shiga bincike, da waya da tambayar mutane. Ɗiyar kawuna da ke koyarwa a Birnin Kebbi ta ce a wajensu sanannen abu ne malami ya ƙaro karatun aikin laburare, don jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da shi tun 1968, wasu jami'o'in da kwalejoji suka biyo. Amma ta ce ko can, hukumar da dokar 1995 ta kafa don rajistar masu wannan aiki, mai digiri take yi wa rajista. A Faransa tun 1989 suna da jarrabawa ta musamman ga malamin da aikinsa shi ne ɗakin karatun makaranta, kuma matsayinsa ɗaya da mai koyar da lissafi. Kusa da mu, akwai makarantar EBAD ta jami'ar Dakar, wadda ke horar da masu kula da littattafai da takardun tarihi tun 1967, har tana da karatu daga nesa ta intanet. A Yamai akwai makarantar da a da ake kira IFTIC, inda ake koyar da aikin jarida da na adana takardu.

Yamai ba ta yiwuwa gare ni. Kusan kilomita 300 ce, kuma zama za a yi na shekaru. Maigidana a tashar manyan motoci yake samun na cefane, kuma kun san yadda gari ya koma tun da aka rufe gadar Malanbil a 2023. Albashin nan da muke rainawa shi ya zama ginshiƙin gida. Saura karatu daga nesa, shi kuma ƙofarsa bak ce. Ni brebe gare ni da takardar makarantar malamai. Shekara goma sha huɗu a aji, da shekara biyu ina aikin da hannuna, duk ba su cike gurbin wannan takarda ɗaya ba.

Shi ya sa na rubuta sunana a bak a matsayin mai zaman kanta. Jika sittin ɗin nan ta tafi wajen haɗa takardu da kuɗin rajista, da littattafai, da katin waya, da ɗan abin da nake bai wa wani mushen lise da ke zuwa gida bayan magariba yana koya mana ni da ɗiyata tare, maigida na zaune a ƙofa da rediyonsa. Ranar jarrabawa na shiga aji na tarar da yara uku da na koya wa baƙi da wasali. Ɗaya ta miƙe tsaye ta ce "Madam, ina kwana", ta ɗauka tsaro na zo yi. Da ta ga na zauna a benci na ciro bik, sai ta sunkuyar da kai, ni ma haka. Ita ta samu, alhamdu lillahi. Ni ko zagaye na biyu ban kai ba. Falsafa da Ingilishi ne suka kayar da ni. Ingilishin da nake cinikin atamfa da shi a Kamba ashe ba shi ake tambaya ba.

Bashi kuwa bai san an faɗi ba. Na biya shi da muruci da ƙuli-ƙuli, ɗiyata na kaiwa bakin tasha da marece. Sau ɗaya na makara, na biya tara gaban kowa kamar yadda doka ta ce, ma'ajiyarmu ba ta ɗaga mini ƙafa don ni malama ce ba, kuma na ji daɗin haka. A ranar ne Inna, babbarmu a ƙungiya, ta kama hannuna ta ce: "Ke ɗiyata, takardar mi kika nema, tunda aikin kin iya shi? Mu da munka riƙe asusun ga shekara da shekaru, wa ya ba mu takarda?"

Na daɗe ina juya maganar Inna. Rabinta gaskiya ce. Amma asusu namu ne, mu muka zaɓi ma'ajiya, mu ke iya sauke ta. Makaranta ba haka take ba, can takarda ce ke magana bayan mutumin da ya san ka ya tafi. Kuma ban yarda a raba takardar kyauta ga duk wanda aka miƙa wa makulli ba. Na san makarantun da ɗakin littattafai ya zama wurin aje malamin da ya gaji ko ba shi da lafiya, ƙofa kulle, shi yana gindin bishiya. Ni kaina ta wannan ƙofar na shigo, ban manta ba. Abin da nake ganin ya dace shi ne hanya ta tsakiya: malamin da ya yi shekaru a aji a ƙirga masa su, a ba shi horo na gaske a makarantun malamai lokacin babban hutu, damina biyu ko uku, sa'an nan a zo ɗakinsa a duba kayensa, a tambayi yara, a sa shi ya gyara littafi gaban masu dubawa. In ya ci a ba shi takardar da za a san shi da ita. Malami ya riga ya san abin da ya fi wuya a aikin nan, wato ya kalli yaro ya gane wane littafi ne ba zai tsorata shi ba. Lambobin Dewey a mako ɗaya ake haddace su.

Ga kuma wani abu da ya sa nake ganin maganar ta wuce ni kaɗai. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. In ana son yara su karanta ta, wani ne zai nemo littattafan, ya zaɓa, ya adana. Na sa ɗiyar kawuna ta aiko mini da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kwafi biyu. Har rubuta suna ake ana jiran layi, ƴan gidan Dandawa da Zabarmawa da Fulani duk suna ciki. Wani yaro ya zo mini da ƙara wai an yi kuskure a littafin, an rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama maimakon ƴ mai ƙugiya irin tamu. Na ce masa can haka suke rubutawa, kogi ɗaya ne, kowa da mashayarsa. Bai gamsu ba, ya ce zai gyara musu da fensir. Na hana shi.

In Allah ya kai mu rabon asusu na bana, kasona ba zan taɓa shi ba, na rajistar baɗi ne, wannan karon ba bashi. Mai yaro ko ƙane da ya iya Ingilishin lakwal, ta turo mini shi ranar Asabar da hantsi, ni kuma in duba masa Faransanci. Sa'an nan don Allah ku duba ƙarƙashin katifa da bayan randa. Duk littafin da kuka gani da ƙyalle manne a bayansa da hatimi shuɗi a shafin farko, namu ne, ku riƙo mini shi ranar zama, babu tara. Sarraounia tana hannun ɗiyar ɗaya daga cikinku tun kafin azumi. Na san gidan, sunan yana cikin kaye.