Tsiron Da Baba Ya Sare

A hutun da ya wuce na koma gida Taba ana cikin sharar gona, ruwa bai sauka ba tukuna. Ina biye da Baba a gonarmu ta tudu, inda muke noma masara da dawa, sai na ga ya ɗaga gatari zai sare wani tsiron ɗorawa da ya kai ƙuguna. Na ce, "Haba Baba, a bar wannan mana." Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, in ta girma ta wa za ta zama?" Ya sare, muka wuce.

Na san inda maganar ta dosa. Ina aji biyar a firamare Baba ya rage rassan wata tsohuwar ɗorawa da inuwarta ke hana masara yi. Kakana ne ya raine ta, daga kalwarta Inna ke yin daddawa. Bayan kwana biyu sai ga wani ma'aikacin daji a kan babur, wai an taɓa itace ba takarda. Sai da aka sayar da akuyar Inna aka biya tara. Tun ran nan duk tsiron da ya fito a gonar Baba ba ya ganin damina ta biyu.

Abin ya daɗe. Tun 1916, zamanin Lugga, aka yi dokar daji, aka shiga keɓe gandun daji, aka ɗora malamin daji ya tsare itace daga mutanen da suka tashi a gindinsa. A 1978 kuma dokar ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. To, a idon manomin tudu, gona ta zama aro, itacen cikinta kuma na hukuma. Wa zai yi wahalar rainon ɗan da za a ƙwace?

Ban ce mu manoma ba mu da laifi ba. Daji yana ƙarewa a gabanmu. Gonaki sun haɗe daga Kudan zuwa Makarfi har Ikara, burtali ya matse, itacen girki sai an saya. Amma kowace damina manya su zo da 'yan jarida, a dasa itatuwa a bakin titi, a ɗau hoto, kafin kaka awaki sun cinye. A titin nan kuma motocin gawayi ke wucewa dare da rana. Wallahi ban taɓa jin an sayar da akuyar mai motar gawayi ba.

Hausawa 'yan uwanmu na Maraɗi sun sha irin wannan. Tun mulkin Faransa itatuwa na gwamnati ne, manoma na share gona ƙarƙaf. Wajen 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Aka fara barin tsiro biyu ko uku a kan kowane kututture, ana yi musu aski, abin da suke kira sassaben zamani. Aikin ya bazu ne da manoma suka tabbata itacen nasu ne, su sara, su sayar. An ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Mafi yawa gawo ne, mai zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya ba ƙasa taki.

Shi ya sa nake ganin mu ɗalibai, maimakon tara kuɗin dashen bikin shekara, mu nemi 'yan majalisarmu su rubuta abu ɗaya a doka: itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne.

Daren da zan dawo makaranta na ba Baba labarin Maraɗi. Ya yi shiru, can ya ce, "Akwai wani gawo a kan iyaka, na bar maka shi. Amma in mai babur ya zo, kai za ka biya." Na ce na yarda.