Harshe Ya Girmi Nahawu

'Ya'yana masu karatun Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi, na tsufa da alli a hannu, kuma abin da ke damuna game da ɗaliban yanzu shi ne sun haddace sunayen ra'o'i, amma kunnensu bai tsaya kan maganar mutanen gidansu ba. Yaro zai cika allo da bishiyar li'irabi, alhali jimlar da ya ɗora a kai ba Bahaushen da zai furta ta.

Ban hana ku karanta ra'i ba. Tun da Noam Chomsky ya fitar da littafinsa a 1957 nazarin ginin jimla ya sake kama, kuma wanda bai san wannan tafarki ba, za a bar shi a baya. Sai dai ra'i awo ne, harshe kuwa shi ne hatsin. Ba a zubar da hatsi don mudu ya cika.

Ku dubi yadda magabata suka yi. Sibawaihi na Basra, kafin ya tsara littafinsa, sai da aka tattaro maganar Larabawan ƙauye, ita ce hujja. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya wallafa Bahrul Muhiɗ kan nahawun Larabci, wannan turba ya gada. G.P. Bargery ya yi shekaru yana zagaya ƙasar Hausa yana tambayar mutane kafin ƙamusunsa ya fito a 1934, shi ya sa har gobe ake samun kalmomin Katsina da Sakkwato a ciki waɗanda matasa suka manta.

Ga aikatau. A 1960 F.W. Parsons ya kasa aikatan Hausa aji bakwai, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Da tsarinsa ne muka gane dangantakar saya da saye da sayo da sayar da sayu. Amma ci da sha da bi da ja sun ƙi shiga ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ba wanda ya ce Hausawa su daina ci da sha. Tsarin aka gyara, har Paul Newman ya ware musu aji na daban a babban nahawunsa na 2000. In jimlar tsohuwa ta saɓa wa littafi, littafin za a sake dubawa.

Haka batun karin harshe. Na sha ganin ɗalibi yana yi wa Basakkwace dariya don ya ce zamna ko sabka. Da ya karanta dokar da Bajamushe August Klingenheben ya gano, da ya san cewa waɗannan su ne tsofaffin siffofi, bakin Kano ne ya mayar da su zauna da sauka. Wannan sauyin baƙi a ƙarshen gaɓa shi ya haɗa talaka da talauci, da Buzu da Bugaje. Wanda ya raina karin wani gari ya toshe wa kansa hanyar sanin tarihin harshensa. Daidaitacciyar Hausa don rubutu da makaranta aka tsara ta, ba don a ƙaryata Gobir da Damagaram ba.

Don haka ku karanta Galadanci da Bagari da Mu'azu Sani Zariya, ku ga yadda 'yan gida suka yi wa harshensu hidima. Sannan ku fita. Ku zauna da maƙera da masunta da mata a wurin daka, ku nemi izininsu ku naɗi maganarsu, ku rubuta ta yadda suka faɗa, da tsawon wasali da karin sauti. Kada ku ƙirƙiri misali a ɗaki don ya dace da abin da kuke son tabbatarwa, wannan cin amanar ilimi ne. Kowace ƙa'ida kuka kafa, ku gwada ta a bakin mutum fiye da ɗaya, daga gari fiye da ɗaya, kafin ku kai wa malaminku.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani.