Kwana Huɗu Ina Jagorancin Masu Rabon Magani ta Waya

Alhamis

Zagayen watan Agusta ya fara. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun watsu bibbiyu cikin ƙauyukan da ke kewaye da Babban Mutum, ni kuwa ina zaune da waya da littafi. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Baure, tun 2013 aka fara gwada shi a nan da Mashi. Yaro daga wata 3 zuwa 59 zai sha na farko a gaban mai rabo, uwa ta ba shi na sauran kwana biyun. Na ce kowa ya turo saƙon murya bayan la'asar. Rubutu ba ya nuna gajiya, murya kuwa ba ta iya ɓoye ta.

Juma'a

Waɗanda ke wajen hanyar Magarya shiru har magariba. Can bakin iyaka waya kan koma layin Nijar, kira ya ci kuɗi ko ya ƙi shiga. Faɗa ba zai gyara wannan ba. Na sa ɗan acaɓa ya riƙa karɓo takardunsu da yamma.

Asabar

An kwana ana ruwa, hanyoyi sun ɓaci, lissafin kowa ya ragu sai na mutum biyu. Nasu cif-cif kullum, ba gidan da ya ƙi, ba yaron da ya yi amai. Wannan ya fi shirun jiya damuna. Na kira mai unguwar yankin, bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, a gabansu yaran ke sha?” Ya ce suna dai miƙa wa iyaye su wuce, don mata na sauri zuwa gona.

Ban kai maganar zauren WhatsApp ba, inda kowa zai ji. Na kira babbarsu ita kaɗai: “Inna, gidajen sun yi muku yawa ne?” Ta ce tafiyar ce, rugage uku a warwatse. Na rage musu ɗaya, suka yarda su fita da sassafe kafin a tafi noma.

Lahadi

Ranar ƙarshe. An dawo da ragowar magani, muna ƙirgawa muna gwadawa da takardu. Lissafin Inna ya sauka, har da gida biyu da suka ƙi karɓa. Gobe mai unguwa zai raka mu wurinsu.